Kaftin a Rumbun Kakata

Shekarun baya, ina aji na ƙarshe a koleji a garinmu Filinge, saura ƙiris in kashe kakata da tsofaffin takardu da kunun fulawa. Ta warke, har ta ƙara wasu shekaru kafin Allah Ya karɓi abinSa.

A shekarar aka kawo mana sabon mushe, wato malamin Faransanci, mutum mai son wasan kwaikwayo kamar ransa. Wata rana ya shigo aji da hotunan wani tsohon wasan barkwanci na mutanen Italiya. Kowane ɗan wasa yana ɗaure da rabin fuska, wadda ta rufe goshi da hanci da kumatu, ta bar baki a waje don magana. Akwai tsoho mai rowa, akwai bara mai wayo, akwai kuma wani soja mai hanci kamar ƙotar fartanya, sarkin cika baki, wanda ko cokali ya faɗi sai ya ruga. Mushe ya ce za mu yi irinsa a bikin rufe lakwal, wato makaranta, amma za mu dawo da shi gida. Sojan zai zama kaftin na Faransawa, a zamanin da suka shigo ƙasar Kurfai suna karɓar hatsi da dawaki da 'yan aikin tilas.

Fuskokin mu za mu yi su da hannunmu. Muka ɗebo yumɓu, kowa ya gina siffar fuskar da aka ba shi, muka shafe ta da man gyaɗa don kada takarda ta manne. Aka dama fulawa a kan wuta da ɗan ƙaro da gishiri har ta yi kauri. Takarda kuwa ba a yanka ta da almakashi, yagawa ake yi ƙanana, don bakinta ya kwanta. Ka tsoma a kunun, ka shimfiɗa, ka lailaye da yatsa, hawa ɗaya, ka jira ya sha iska, ka sake. Sai an yi hawa shida. Ni aka ba aikin fuskar kaftin, wai ina da hannu. Da jaridun da mushe ya kawo suka ƙare tun kafin in fara liƙa nawa, ya ce kowa ya nemo takarda a gida. Na yi murna, domin ina da wani tsohon kaye, littafin rubutuna na lissafi, cike da jan bik, wato biron gyaran malam, wanda na daɗe ina neman hanyar da zai ɓace ba tare da mahaifina ya gan shi ba. Na yage shi kaf na liƙe a cikin kaftin.

Kaftin ya yi kyau, ba yabon kai ba. Na shafe shi da farin alli, na ɗan shafa ja a kumatun, na baƙanta kewayen idanun, na liƙa masa gashin baki da gashin jelar saniya. Saura ya bushe sosai. To ɗakin ajiyar lakwal yana yoyo, ga damina ta ƙarato, sai mushe ya ce kowa ya tafi da nasa gida ya shanya a inuwa.

A nan matsalata ta fara. Mahaifina mutum ne da ba ya son sura ko kaɗan. Kalanda ma in akwai hoton mutum sai ya yanke shi kafin a rataya. Na san in ya ga fuskar nan zai yi faɗa, ya jefar da ita, wataƙila ma ya je har lakwal ya kunyata ni. Ɗakin mahaifiyata kullum da mutane, tsakar gida kuma awaki. Sai na tuna da rumbun kakata.

Kakata ita ta haifi mahaifina, a gidanmu take zaune. Tana da 'yar gonarta da ɗan rumbunta a bayan ɗakinta, ba mai buɗe shi sai ita, ita ma sai jajiberin kasuwa. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Uwata take ce mini. Kullum muna cikin tsiya ni da ita, ta ce na cika son jiki, in ce ta cika cin goro ba haƙori. Na lissafa saura kwana huɗu kasuwa. Na taka turmin da take takawa, na buɗe 'yar ƙofar rumbun, na ɗora kaftin a kan dammunan hatsi, fuskarsa sama don kada hancin ya lanƙwashe. Na rufe, ina jin kaina mai dabara.

Washegari da asuba aka yi ruwan farko. Na tafi lakwal ina shaƙar ƙamshin ƙasa, ban kawo komai a raina ba. Muna tsakiyar darasi na hango ta taga mutane suna wucewa da sungumi a kafaɗa, mata na bin su da ƙore. Shuka za a yi. Irin shukar kakata kuwa a rumbunta yake. Duk ɗan Kurfai ya san in ruwa ya sauka iri ake fara nema, sai ni 'yar lakwal da na zauna ina ƙirga ranar kasuwa. Ban ji sauran abin da aka koyar ba. Ana tashi na sa gudu.

Na tarar da mata a ƙofar ɗakinta. Tana kwance a kan tabarma, idanunta a buɗe.

"Daga kan turmi ta faɗo," in ji mahaifiyata. "Ba ta karye ba, an gode Allah. Amma tun ɗazu ba ta ce komi ba."

Na durƙusa na ce, "Sannu Kaka." Ta kama wuyan hannuna ta riƙe da wani ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta daɗe tana kallon fuskata kamar mai neman wani abu a ciki. A nan ya kamata in yi magana. Ban yi ba.

Da aka ɗauke ta a amalanke zuwa likita, gida ya yi shiru, na zagaya na ɗauke kaftin, na naɗe shi a tsohon zane na cusa a ƙasan akwatina. A tunanina in ta sake dubawa ba ta ga komai ba, za ta ce idonta ne ya yi mata gizo, shi ke nan. Suka dawo da ƙwayoyi, an ce jininta ne ya hau, ta ci abinci ta huta.

Ba ta ci ba. Kashegari ma aka kai mata kunu ya huce a inda aka ajiye. Wajen hantsi ta buɗe baki karo na farko, ta ce wa mahaifiyata ta je ta leƙa rumbun. Ina tsaye a bakin ƙofa ta dawo.

"Mi kinka gani?"

"Hatsi, Inna."

"Sai mi?"

"Sai ƙwaryar iri. Ba komi kuma."

Kakata ta rufe ido. Ta ce a hankali, "Ya hito ke nan. Ya shigo gida." Ta juya fuskarta ga bango.

Mahaifiyata ta kalle ni tana tambayata da ido ko na gane. Na girgiza kai.

A lakwal na gaya wa ƙawata komai. Da farko ta yi dariya har da riƙe ciki, wai kaftin bai hau dandali ba ya fara cin yaƙi. Da ta ga ina kuka ta daina.

"Ke, tahi ki hwaɗa musu. Babanki zai ci ki ne?"

"Da ran farko ne da sauƙi. Yanzu in ce mi? In ce ina kallo aka kai ta likita na yi shiru?"

"To jira ki yi sai an kai ta kushewa, sannan ya yi sauƙi?"

Na ji haushinta. Na ce wa kaina tsohuwa ce, gobe yunwa za ta sa ta ci.

Rana ta uku ko ruwa sai an matsa mata. Leɓɓanta suka bushe, muryarta ta koma kamar ta sauro. Salla ma a kwance take yi. Bayan azahar ta sa aka kira mahaifina, ya zo ya tsuguna a gefenta.

"Ka sawo mini taba sigari kwali guda, da kwalbar turare."

Mahaifina ya yi tsammanin bai ji daidai ba. "Sigari, Inna? Wa zai sha?"

"Baƙo gare ni."

"Wane baƙo? Inna, ki yi salati. Ke da ko asuba ba ki taɓa makara ba."

"Ka sawo dai. Ban taɓa roƙonka komi ba."

Ya fito ya tsaya a tsakar gida, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganin mahaifina da irin wannan fuskar ba. Mutumin da nake tsoro kamar zaki, ga shi kamar yaron da ya ɓata a kasuwa. Ya ce wa mahaifiyata zai je ya kira malam, a kuma aika wa ƙanwarsa a Bonkuku ta zo. Na san abin da ake nufi in an fara aika wa dangi.

Da la'asar kakata ta ce kowa ya fita, a bar mata Uwata. Na zauna kusa da kanta.

"Kin taɓa jin babule?"

Na ce na taɓa ji sama-sama, wasu iskoki ne na 'yan bori.

"Iskoki ne sojoji, annasara ne. Zamanin da Faransawa sunka matsa ma ƙasarga sunka bayyana. Uwata tana budurwa, mai sunanki. An yi wasan bori a garinsu, ta faɗi, ta tashi tana taka ƙasa kamar soja, tana magana da bakin annasara, ita da ba ta taɓa ganin ƙofar lakwal ba. Ba ita kaɗai ba, suna da yawa. Kumandan na Faransawa ya ce ba'a ake yi musu. Anka kwashe su anka kai Yamai, anka kulle, anka yi ta bulala. Ni na wanke bayan nan nata da ta tsufa. Kamar kunyar gona yake."

Ta tsaya ta huta.

"Daga baya ta bari, ta kama salla, ba a sake zancen ba. Babanki ma bai sani ba. Amma da za ta rasu ta ce mini, shi wanda ke hawanta ba ya manta gida. Ta gaya mini kamanninshi. Shekaranjiya na buɗe rumbu na gan shi kwance bisa hatsina. Fari tas, da hanci, yana kallona."

"Kaka..."

"Bari in gama. Ba ni ya zo nema ba, mi zai yi da tsohuwa? Ke ce mai sunanta, ke ce mai bakin annasara, kullum kina karatu da shi a gidan nan. Na ce mishi ga ni. In na tahi ya samu rabonshi, shi bar mini ke. Don haka kar ki sake kawo mini kunu, Uwata. Kin ji?"

Ashe ba kasa cin abinci ta yi ba. Ƙi ta yi. Kwana uku tana kashe kanta da yunwa don ta fanshe ni, ni kuma ina zaune ina ƙirga marin da zan sha.

Na fashe da kuka na gaya mata komai, da mushe da Italiya da yumɓu da fulawa. Maganar tana fita a hargitse. Ta saurara, sannan ta shafa kaina.

"Shi ya sa ki faɗi haka don in ci abinci. Wayo gare su."

Na ga babu abin da zai fisshe mu sai ta gani da idonta. Amma ina tsoron in ta sake ganin fuskar nan zuciyarta ta tsaya a hannuna. Na miƙe, ina ɗaga labule na ci karo da mahaifina. Ya dawo tun ɗazu, ya ji duka. Ya ce mini, "Ɗauko."

Na ɗauko a naɗe. Ban san inda dabarar ta zo mini ba, sai na juya shi, na fara nuna mata cikinsa, inda ban shafa alli ba. Ga layukan kaye, ga rubutuna a karkace, ga jan bik ko'ina.

"Dubi, Kaka. Takardata ce. Kin san rubutuna, kin sha ce mini kamar tsakin kaza."

Ta ɗaga kai da ƙyar ta duba. Ta sa yatsa a kan wani babban ja.

"Wanga hwa, jini ne?"

"Makin lissafi ne."

Mahaifina ya sunkuyo ya karanta. "Uku? Uku bisa ashirin?"

"I, Baba."

Kakata ta kai abin kusa da hancinta ta shinshina. Ta ce, "Tsamin kunu yake yi." Sannan da kanta ta juya shi. Ta daɗe suna kallon juna ita da kaftin.

"Kawo ruwa a ƙwarya."

Na kawo. Ta ce in tsoma shi. Allin ya fara fita, ruwa ya yi fari, jan kumatun ya narke. Can takardu suka fara rabuwa ɗaya bayan ɗaya, hancin nan ya yi laushi ya kwanta gefe. Ta ce a fitar da ƙwaryar bakin ƙofa inda take gani. Ba a daɗe ba akuyar mahaifiyata ta zo ta shinshina, ta fizgi hancin ta tsaya tana taunawa tana kallonmu.

Wani sauti ya fito daga ƙirjin kakata, na zaci shaƙewa ta yi. Dariya ce.

"Kaftin guda, akuya ta cinye mishi hanci." Ta share ido da bakin zane. "To amma wa ya gwada miki kamanninshi, Uwata? Haka yake sak."

"A hoto na gani, Kaka. Na mutanen Italiya. Ƙasa ce can kusa da ta Faransawa."

Ta juya maganar a ranta. "Ashe su ma ya je musu."

Daga nan ta ce ko akwai sauran fura. Mahaifiyata da ke laɓe a waje ta sa gudu, har ta yi tuntuɓe da ƙwaryar. Kakata ta sha ludayi huɗu ta ce ya isa haka. Ni na riƙe mata ludayin.

Mahaifina bai dake ni ba. Da ya dake ni da na fi samun sauƙi. Kashegari ya kira ni zaure, ya ce, "Da kin kawo shi gabana ran farko, faɗa zan yi in jefar da shi, a wuce wurin. Don gudun faɗan yini ɗaya kika kusa raba ni da uwata." Sannan ya ƙara da cewa, "Maganar ukun nan kuma tana nan."

Na riga na yanke cewa na bar wasan. Kakata ce ta hana. Bayan ta ɗan murmure ta ce wa mahaifina ya ƙyale ni in sake wani, amma a gabanta, tsakar gida, rana tsaka. Ya so ya yi magana, ta ce, "Ni na haife ka ko kai ka haife ni?" Ita ta riƙa yaga mini takardun. Tana kallo ina gina yumɓu tana cewa in ƙara hancin, bai kai ba. Da na ce ɗan ajinmu da zai sa fuskar bai iya tafiyar soja ba, sai ta dafa sanda ta miƙe. Ta ɗage haɓa, ta turo ƙirji, ta buga ƙafa ɗaya a ƙasa, ta ɗaga ɗayar tsaye ba lanƙwasa, ta juya a kan dunduniya. Taku biyar ta yi. Ba wanda ya yi dariya a gidan. Ni na san tafiyar wa take yi. Ta zauna tana haki ta ce, "Haka za ki gwada mishi."

Ranar biki filin lakwal ya cika. Kaftin ya fito da tafiyar nan, yana ihu zai ci ƙasar Kurfai kafin azahar, sai aka yi kukan jaki a bayan labule ya yar da bindiga ya shige ƙarƙashin tebur. Mutane har da faɗuwa daga benci. Ni ban kalli wasan ba, kakata nake kallo, tana can baya a kan kujerar da mahaifina ya ɗauko mata da kansa. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma kau da kai ba har aka gama.

A hanyar gida na tambaye ta ko ya yi mata.

"Ya yi. Uwata bulala ta sha a kan tafiyar nan. Ku kuwa tafa muku anka yi."

Mutane sukan ce mini labarin nan na ban dariya ne, akuya da hanci da uku bisa ashirin. Ni ma nakan yi dariyar in ina ba da shi a cikin mutane. Amma in na zauna ni kaɗai ba akuyar nake tunawa ba. Kwana ukun nake tunawa. Kullum ina shiga ɗakinta da kunu, ina cewa sannu Kaka, ina da maganin ciwonta a ƙasan akwatina. Na zauna da matar nan tun ina goye, na zaci na san ta ciki da waje, tsohuwa mai goro da tsiya, ban san abin da take ɗauke da shi ba. Ita kuma ta san ni sarai, da son jikina da tsorona, duk da haka ta kwanta ta juya wa bango fuska saboda ni.

Tun daga lokacin ban sake ɓoye wa 'yan gidanmu abin da na yi ba, ko da za a yi mini faɗa. Ba don na zama jaruma ba, har yau matsoraciya ce ni. Abin da nake tsoro ne ya canza.

Rumbun yana nan, mahaifiyata ke zuba hatsi a ciki yanzu. Duk shekara in aka yi ruwan farko, ko ina Yamai, da na ji ƙamshin ƙasar nan sai in ji kamar ina cikin aji, ana wucewa da sungumi ta taga, kakata kuma ta ɗora ƙafa ɗaya a kan turmi.